Ƴar Fitilar da Ke Kan Ɗakin Baba

Babana ya yi aikin waya da rediyo tun yana saurayi har furfura ta cika masa kai. Ya hau dogayen ƙarafuna a garuruwan Adar da dama, yana gyara abin da iska da tsawa suka ɓata. Da ya bar aiki sai ya zauna a Madawa, a gidan da ya gina kusa da hanyar da manyan motocin albasa ke bi. Aikin ya bari, rediyo kuwa bai bari ba. Yana da wata tsohuwar na'ura mai aikawa da karɓa, irin ta masu yin abin don sha'awa kawai, yana da takardar izininta, da wata doguwar waya da ya ɗaura daga kan dogon yaron tsakar gida zuwa wani ƙarfe a bayan garka. Da na'urar yake gaisawa da mutanen ƙasashen da bai taɓa takawa ba. Hirar ba ta wuce a tambayi juna yanayin gari da yadda murya ke fita, amma in ya gama sai ka gan shi yana murmushi shi kaɗai.

Ni ce ɗiyarsa ta fari, sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kama sunana ba. "Uwata" yake ce mini. A lokacin ina koyar da lissafi da kimiyya a kwalej, gidan aurena kuma yana unguwa ɗaya da nasa. Innarmu ta riga ta rasu, ƙannena maza duk suna Yamai, mijina yana aiki a arewa, sai jefi-jefi yake zuwa. Saboda haka ni ce mai leƙa Baba safe da yamma.

Wata shekara da bazara hawan jini ya kayar da shi a bakin masallaci. Allah ya sa ya tashi, amma hannun dama ya ƙi aiki, harshe kuma ya yi nauyi. Mu na gida muna gane maganarsa in muka kasa kunne. A rediyo babu mai ganewa. Na taɓa tsayawa a ƙofa ina jin sa yana maimaita kira, wani daga nesa yana ce masa da Faransanci ya sake, ya sake, har mutumin ya gaji ya yi sallama. Washegari na tarar ya rufe na'urar da wani tsohon zanen Inna.

Ƙanena ne ya zo da dabara lokacin da ya zo hutu. Ya kawo masa tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, ya nuna masa cewa yanzu akwai hanyar da ba a bukatar murya. Ordinatar ce ke mayar da gajeren saƙo ya zama wani siririn fito, ya bi ta rediyo, ta can wata ordinatar ta mayar da shi rubutu. Sai dai abin da sharaɗi. Duk masu yi a duniya bi da bi suke, daƙiƙa goma sha biyar kana aikawa, goma sha biyar kana saurare, kuma dole kowa ya fara tare. In agogonka ya kauce ko da kaɗan, ba ka jin kowa, ba mai jin ka. Agogon tsohuwar ordinatar nan kuwa kullum cikin kaucewa yake. Ana yawan ɗauke kuran, wato wutar lantarki, rezo na waya kuma yau akwai gobe babu, balle a daidaita ta intanet.

Sai ƙanen nawa ya aiko da wani ɗan abu kamar akwatin ashana mai igiya, jipiyes, wanda ke karɓar lokaci daga taurarin ɗan'adam. Muka soka shi, abin ya ɗan gyaru. Ni a ganina magana ta ƙare. Baba bai yarda ba. Ya yi ta zama gaban allo yana lura, ya gano cewa lokacin da ke biyowa ta igiyar yana makara, kuma makarar ba iri ɗaya ba ce, tsohuwar ordinatar tana riƙe shi yadda ta ga dama. Wata rana da la'asar ya kira ni rumfa. Ya riga ya ɓalle murfin abin da bakin wuƙa, da hannun hagu.

"Uwata, duba nan."

Na duba. Wata ƴar fitila ce shuɗiya, ba ta kai ƙwayar gero ba, tana ƙiftawa.

"Wagga ba ta ƙarya," ya ce, a hankali, yana jan kowace kalma. "Duk ƙiftawa, farkon daƙiƙa ne. Daidai."

Abin da yake so shi ne a liƙa waya a ƙafar fitilar, a ɗauko bugun wutar da ke kunna ta, a kai shi kai tsaye cikin wani rami mai ƙafafu tara da ke bayan ordinatar, a ƙafa ta farko. Ta nan babu makara. Shi ya san yadda ake yi, ya yi irinsa da ya fi shi wuya sau ba adadi. Hannun ne babu.

"Baba, ni alli na iya riƙewa," na ce masa.

"Hannunki, idona."

Ranar babu kuran, sai muka jona ƙaramin ƙarfen liƙinsa a batirin pano mai ɗaukar hasken rana. Wayar da ya zaɓa daga cikin igiyar wani mataccen abin saurare na kunne ya zaro ta, siririya kamar gashi. Ya riƙe mini gilashin ƙara girma da hagu, ni kuma na kama ƙarfen. Zafin bazara ya sa zufa tana sauko mini cikin ido. Na kai darma, hannuna ya goce, ɗigo ɗaya ya faɗa ya haɗe ƙafafu biyu. Fitilar ta mutu.

Baba ya daki tebur. Ya buɗe baki zai yi faɗa, maganar ta ƙi fita, sai wani sauti kawai da miyau a gefen leɓe. Wannan ya fi mini faɗan ciwo. Ya juyar da kai, ni kuma na tashi na shiga madafa na daɗe ban fito ba.

Da na dawo washegari na tarar ya feɗe wata tsohuwar igiyar eriya ya zaro saƙaƙƙen jan ƙarfen da ke cikinta. Ya nuna mini in ɗora shi kan ɗigon in danna da ƙarfe mai zafi. Jan ƙarfen ya tsotse darmar tas. Muka jona, fitilar ta dawo. A karo na biyu ya sa na kafa gwiwar hannuna a kan tebur, na riƙe numfashi, na taɓa sau ɗaya na ɗauke. Ta kama. Bugun ba shi da ƙarfin da ordinatar za ta ji, sai muka ciro wani ɗan abu mai ƙafa uku daga cikin mataccen rediyo muka sa a tsakani don ya ƙara masa ƙarfi. Sauran aikin, na cikin ordinatar, shi ya yi da yatsa ɗaya, ya ɗauke shi kwanaki.

Jipiyes ɗin yana bukatar ganin sararin sama, rufin kwano kuwa yana tare shi. Baba ya ce a sa shi cikin kwalbar roba a ɗaure a kan ɗaki. Maƙwabcinmu ne ya kawo tsani ya hau da kansa. Ɗan kasuwar albasa ne, shekara da shekaru suna shan shayi tare da Baba a ƙofar gida. Shi yana ce wa Baba "Shef", wato shugaba, yadda yaran aikin Baba na da suke ce masa, mu kuma muna ce wa maƙwabcin Kawu, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Akwai ma wata ƴar kafa a katangar da ke tsakaninmu, ta nan matarsa ke miƙo wa Baba kunu da safe.

"Shef, wanga abu mi shika yi?" ya tambaya daga sama.

"Agogo ne," in ji Baba.

"Agogo babu hannu babu lamba?" Ya yi dariya har tsanin ya girgiza.

Ranar da abin ya kama ina wurin. Allon da ke zama fayau sai ga layuka suna sauka, haruffa da lambobi, kowane layi mutum ne a wata ƙasa. Baba ya danna ɗaya, rediyo ta yi fitonta, muka jira. Sai ga amsa, da lambar kiransa a ciki. Ya nuna mini da yatsa, ya sake nunawa. Ɓarin fuskarsa mai lafiya yana dariya, hawaye kuma yana bin ɗayan. Watannin da suka biyo baya su ne mafi daɗi da ya yi tun faɗuwarsa. Ya koma cin abinci sosai, har ya fara takawa zuwa kasuwa da sanda.

Da damina ta kankama sai labarai marasa daɗi suka fara yawa daga kudu, wajen iyaka. A tare mota, a kore shanu, a tafi da mutane. Cikin waɗanda aka tare har da babban ɗan Kawu, yana rakiyar kaya. An sako direba, shi aka shiga daji da shi. Unguwa ta ɗauki zafi. Kowa yana cewa ba yadda za a yi ɓarayin su san motar da za su tare in ba wani ne a cikin gari ke ba su labari ba. Mutane suka fara kallon juna. Baƙo in ya tsaya tambayar hanya sai a kewaye shi.

A gidan suna na fara jin maganar. Ina shiga ɗaki mata suka yi tsit, daga baya wata ƙawata ta ja ni gefe ta gaya mini. Wai akwai wata fitila a kan ɗakin tsohon nan da ke ƙifta wa jirage ido. Wai yana aika saƙo da wani fito da ba na mutane ba. Wata ma ta ce ai mutanen dutse ne, kakanninsu ba salla suke yi ba, a bar ganin sa da carbi. Gaskiya ne kakan Baba yana cikin masu yanka a gindin dutse a ƙauyensu na wajen Tama kafin gidan ya musulunta. A can kowa ya sani, ba abin ɓoyo ba ne, rabin ƙauyen haka suke. Ban taɓa jin an ɗauko maganar don a soke mu da ita ba sai ranar.

Na je na same shi.

"Baba, don Allah mu sauke kwalbar nan. Ko na ɗan lokaci, har gari shi lafa."

Ya ɗago kai daga allon ya dube ni.

"In na sauke, sun ce gaskiya sunka hwaɗi."

"In ba ka sauke ba fa?"

"Ina da takarda," ya ce, ya juya ga allonsa.

Da hantsi jami'an tsaro suka zo, ina aji. Ƙawar nan tawa ce ta kira ni a waya. Kafin in iso sun kwashe rediyo da ordinatar da batir, sun sauko da kwalbar, sun sa Baba a bayan mota. Mutanen unguwa suna tsaye a bakin ƙofofinsu. Na ga hularsa a ƙasa wajen zaure, na ɗauka na hau kabu-kabu na bi su.

A biro, ofishin nasu, na tarar an baje kayan a kan tebur. Wani mai kaki, ba yaro ba ba tsoho ba, yana yi wa Baba tambayoyi, Baba yana ta ƙoƙarin amsawa. In ransa ya ɓaci harshen ƙara nauyi yake, ko ni da kyar nake kamawa. Mutumin ya ɗauka da gangan yake yi. Na roƙa a bar ni in yi bayani, ya ce in zauna.

Ya ɗaga jipiyes ɗin, murfinsa a buɗe, siririyar wayar tana lilo da ɗan abin nan mai ƙafa uku a naɗe da salatif.

"Madam, haka anka sayar da wanga?"

"A'a. Mu munka buɗe shi."

"Wa ya liƙa wayar?"

"Ni."

Ya ajiye shi a hankali, nesa da jikinsa. A lokacin ne na ga abin da idonsa, ba da nawa ba. Ƙaramar na'ura da aka farke, aka ƙara mata waya da hannu, tana ƙirga daƙiƙa. Na yi masa bayanin agogo, da bi da bi, da makarar igiya, yadda nake yi wa ɗalibai. Ya saurara, ba zan ce bai saurara ba. Sannan ya sa aka kunna ordinatar, ya nuna wani layi.

"Waɗanga haruffa huɗu na ƙarshe, mi suke nufi?"

Na san inda amsar za ta kai mu. Amma ƙarya ta fi haɗari.

"Yankin da mai aikawa yake. Kowa yana sa nashi."

"Ke nan tsohon yana gaya wa mutanen waje inda yake."

"Yanki ne mai faɗi, ya haɗa har da Galma da ƙauyukan bayanta. Gaisuwa ce kawai."

"To, kin ji da bakinki," ya ce.

Takardar izinin ya juya ta gaba da baya, ya ce bai taɓa ganin irinta ba, sai an tambayi na sama. Ni sun riƙe ni har la'asar, shugaban makarantarmu ya zo ya tsaya mini aka sake ni. Baba aka ce shi zai jira.

Kwanakin da ya yi a can ba na son tuna su dalla-dalla. Ina kai abinci da maganin hawan jini, a karɓa a ƙofa. Ranar da aka bar ni na gan shi, yana zaune a kan siminti ya jingina da bango, rigarsa ta yi dauɗa, ƙafar dama ta kumbura. Na tambaye shi ko yana shan maganin. Ya ɗaga kafaɗa. Murfin kwalbar maganin mai wuyar buɗewa ne, a gida ni nake buɗe masa. Bai roƙi kowa ba. Na fashe da kuka a gaban mutane, ya ɗaga hannun hagu ya ce, "Uwata, bari."

Mai unguwa da liman sun yi ta zirga-zirga, ƙannena ma suka zo daga Yamai. A ƙarshe aka ce wani daga sama da ya san irin wannan abu ya duba ya ce wasan masu sha'awar rediyo ne, babu komai a ciki. Aka sako shi. Kayan aka ce sai an rufe bincike. Ƙanena ya bi sawu har ya gaji ya bari.

Da muka dawo gida mun tarar an datse doguwar wayar daga kan dogon yaro, ba mu san wa ya yi ba. Kafar katangar nan kuma an toshe ta da tubali, laka ko bushewa ba ta gama yi ba. Baba ya tsaya yana kallon wurin, ya wuce ɗaki. Ya gwada komawa masallaci. Ba wanda ya ce masa uffan, amma gaisuwa ta gajarce, in an idar kowa sai ya nemi takalminsa da sauri. An wanke shi a biro, a unguwa kuwa cewa ake yi ai ƴaƴansa ne suka san manya. Ya koma salla a gida. Ƙanena ya ce zai nemo masa wata rediyon, ya girgiza kai.

Wata safiya na kawo masa koko, ya ce, "Kai ni gida."

Na san ƙauye yake nufi. Muka ɗauki mota muka bi ta Buza muka gangara kwarin Tama, wajen ƙanwarsa, Gwaggo. Lokacin girbi ne. Can ba wanda ya damu da abin da aka ce a Madawa. Tsofaffi suna zuwa su zauna da shi a inuwar rumbu, su yi ta ba shi labarin mutanen da suka mutu, shi yana gyaɗa kai, ana wucewa da dammunan gero a ka. Gwaggo tana dama masa fura da nonon da take karɓa wajen Fulani. Duk ƙarshen mako nake zuwa. Yana ramewa, magana kuma tana ƙara raguwa, amma na ga hankalinsa ya fi kwanciya.

Bayan an gama kai amfanin gona gida ciwon ya sake buge shi, da rana tsaka, yana alwala. Ina wurin. Muka samu motar wani mai kayan lambu muka nufi asibitin Buza. Hanyar duwatsu ce, kansa yana kan cinyata, ina tare shi kada ya bugu. Ba mu kai ba. Direban ne ya lura na daina magana, ya tsaya a gefen hanya, ya leƙo, ya yi salati, ya juya da mu.

Ranar addu'a sai ga Kawu a kan babur, tun daga Madawa. Ban gane shi da farko ba, ya zube, rigar kamar ba tasa ba. Ya zauna cikin maza aka yi fatiha, sannan ya aiko a kira ni. Na fito bakin zaure, Gwaggo tana bayana.

"Ɗiyata, Allah shi jiƙan Shef."

"Amin, Kawu. Ina labarin yaro?"

"Shiru."

Ya sunkuyar da kai yana murza hula a hannu.

"Sun zo sun tambaye ni. Na hwaɗi abin da na gani, ni na hau na ɗaura shi. Sunka ce mi shika yi, na ce ban sani ba. Wallahi ban sani ba, ɗiyata. Lokacin ko sunana anka tambaye ni ban sani ba."

Na yi ta shirya maganganun da zan gaya masa in mun haɗu, tun ranar da na ga tubalin nan. Ko ɗaya ba ta zo ba. Na ce, "Na ji, Kawu." Gwaggo ta miƙa masa ruwa a kwanon sha, ya shanye, ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Da shekarar karatu ta ƙare na nemi a mayar da ni koyarwa a Keita, aka yarda. Gidan Baba ƙannena suka rufe. Ina can, wajen tsakiyar rani, ƙawata ta kira ni ta ce wani da ya kuɓuto daga daji ya kawo labarin ɗan Kawu, ya ce zazzaɓi ya kashe shi tun kafin kaka, su suka binne shi. Na ɗauki izini a makaranta na shiga motar Madawa. Na tarar da gidan cike da mata. Matar Kawu tana zaune a kan tabarma a ƙuryar ɗaki, da ta gan ni sai ta rufe fuska da mayafi. Na ratsa na zauna kusa da ita, na yi mata gaisuwa. Ta kama hannuna ta riƙe, ba ta saki ba har aka kira azahar.